Tallafin hukumar sikwash ga 'yan wasa: wa za a ba, kuma a kan me za a kashe?

Ma'aji:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da kullum take haɗa hukumar sikwash ta ƙasa da 'yan wasanta faɗa, wato kuɗin tallafi. Sikwash dai wasa ne da ake buga ƙaramin ƙwallon roba a jikin bango da raket, a cikin fili mai bango huɗu. Abin ya ƙara zafi tun watan Oktoba na 2023, lokacin da kwamitin Olamfik na duniya ya amince a taronsa na Mumbai cewa za a buga sikwash a Los Angeles a 2028, domin gwamnatoci sun fi sakin hannu ga wasan da ke cikin Olamfik. To a ce hukuma ta sami kuɗi, amma ba masu yawa ba. Alawus za ta riƙa bai wa 'yan wasa duk wata, ko tafiye-tafiyensu za ta biya, ko kuwa koci da likita za ta ɗaukar musu? Kuma mutum nawa? Ina son jin ta bakin masu abin.

Koci Dogo:
Wa alaikumus salam Malam Ma'aji. Ni dai a wurina tafiya ce kan gaba, kuma ga dalili. Matsayin ɗan wasa a jadawalin PSA, ƙungiyar ƙwararrun 'yan sikwash, yana fitowa ne daga makin da ya tara cikin watanni 12 da suka wuce. Ana haɗa makin a raba da wani adadi, kuma adadin nan yana da mafi ƙaranci. A ɗauka goma ne don misali. Wanda ya buga gasa huɗu kacal, ko da duk ya lashe su, da goman nan za a raba makinsa. Ke nan yaron da ya fi iyawa amma bai fita ba yana ƙasa da wanda bai kai shi ba amma ya cika gasanninsa.

Matsayin nan kuma shi ne ƙofar shiga gasa. Ranar da aka rufe rajista, daga sama ake ɗauko sunaye har gurabe su cika, sauran su koma jerin 'yan jira. Ba ka da maki ba za ka shiga ba, ba ka shiga ba ba za ka sami maki ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kada kuma a ce ai zai ci kyauta ya biya wa kansa. Ƙananan gasannin da sabon ƙwararre ke farawa da su, jimlar kyautarsu dala 3,000 ce ko 6,000, kuma duk 'yan gasar ne ke raba ta. Zakaran ma abin da ke zuwa hannunsa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba. Wanda aka cire a zagayen farko kuwa, abin da zai karɓa ba zai biya masa kwana biyu a otal ba, balle tikitin jirgi.

Hajiya Mai Raket:
Koci, lissafinka daidai ne, amma ka tsallake cikin ɗan wasan. Wanda aka biya wa jirgi amma ba shi da na haya da na abinci, me zai yi? Zai koma koyar da masu koyo awa biyar ko shida a rana yana tsaye yana jefa musu ƙwallo. Ya zo atisayen kansa da yamma ƙafafu sun riga sun mutu. Sikwash wasa ne na durƙusawa da zabura, wanda ya gaji ba ya kai kusurwar gaba a kan lokaci, sai ya fara miƙa hannu maimakon ya kai ƙafa, daga nan bugun ya lalace, daga nan rauni.

Ƙasashen da suka daɗe a harkar sun san haka. A Birtaniya, tun 1997 ake tallafa wa manyan 'yan wasa da kuɗin lotiri na ƙasa, kuma a tsarin UK Sport, hukumar da ke raba kuɗin, akwai kason da ke shiga hannun ɗan wasa kai tsaye don zaman rayuwa, ana kuma rage shi idan samunsa ya wuce wani mataki. Kanada ma tana da tsarin gwamnati na bai wa zaɓaɓɓun 'yan wasa alawus duk wata, hukumar kowane wasa ce ke miƙa sunaye. Ba kyauta ba ce, lokacinsa ake saya don ya yi atisaye ya huta.

Koci Dogo:
Hajiya ban musa ba. Abin da nake tsoro shi ne a raba ɗan abin da ke akwai ga mutum ashirin, kowa ya sami abin da ba zai kai shi ko'ina ba. A ƙarshen shekara an kashe kuɗin, ba wanda ya motsa a jadawali. Gara mutum huɗu da aka riƙe da kyau.

Hajiya Mai Raket:
A kan wannan muna tare. Huɗu ma ya yi daidai da tawagar gasar ƙasashe ta duniya, inda uku ke bugawa, ɗaya na ajiye. Huɗu maza, huɗu mata, kuma kuɗin iri ɗaya. Tun 2013 gasar US Open ta daidaita kyautar maza da mata, gasar duniya ta Chicago a 2019 ta sa dala miliyan ɗaya ta raba biyu daidai. Hukumar da har yanzu take bai wa mata ragowa ba ta da hujja.

Ma'aji:
To ga inda ake yawan samun matsala ta ɓangarenmu masu riƙe da littafi. Mai binciken kuɗi yana son rasit kafin a fitar da ko sisi, shi ya sa hukumomi ke cewa ɗan wasa ya kashe nasa ya kawo takardu a mayar masa. A takarda ya yi kyau. A aikace wanda iyayensa ke da hali ne kawai ke iya tafiya, kuma idan biyan ya ɗauki wata uku, gasa biyu sun wuce shi.

Hanyar da ta fi ita ce a raba kuɗin tafiya gida uku. Tikiti da kuɗin biza da inshora, hukuma ta biya kai tsaye, kuɗin kada ya bi ta hannun ɗan wasa. Abinci da motar cikin gari, a yanke adadi na kowace rana a tura masa kafin ya tashi, ba a neman rasit a kansa, domin ba wanda zai tara takardar kowane ruwan sha. Masauki kuma a duba takardar gasar tukuna: manyan gasanni kan ba da otal, yawanci mutum biyu a ɗaki, wasu ƙananan kuma kan sauke 'yan wasa a gidajen mambobin kulob. Inda babu ko ɗaya, a ba shi kuɗin kafin tafiya ya kawo rasit cikin mako biyu da dawowa. Wanda bai kawo ba, a riƙe na gaba har sai ya kawo. Da haka mai bincike ya gamsu, ɗan wasa bai ci bashi ba.

Wani abin da ake mantawa: ƙasar da aka yi gasar tana iya cire haraji daga kyauta tun kafin a biya. Kada a sa cikakkiyar kyautar cikin lissafin abin da ɗan wasa ya samu, a nemi takardar abin da aka cire.

Ɗan Raket:
Malamai, ina da tambaya. Gasa nawa ya kamata a biya wa mutum a shekara, kuma wa ke zaɓar su, shi ko hukuma?

Koci Dogo:
Ƙanena, yawan ba shi ne abin dubawa na farko ba, tsarin jera su ne. Aƙalla dai ya cika adadin da ake raba maki da shi, da ƙarin biyu ko uku don sakamako mara kyau ya faɗi daga lissafi. Amma a zauna da kalandar PSA tun farkon kakar wasa a nemo inda gasanni uku suka biyo juna a yanki ɗaya cikin mako uku ko huɗu. Tikitin nesa ɗaya, sauran gajerun tafiye-tafiye ne. Wannan kaɗai yana iya rage kuɗin jirgi sosai. Fiye da uku a jere kuma jiki ya fara ja da baya.

Tikitin ya zama wanda ake iya canza ranarsa. Mai araha wanda ba ya canzuwa shi ne ke fin tsada a ƙarshe, domin ba wanda ya san ranar da za a cire shi. Idan akwai bambancin awoyi mai yawa, ya isa kwana biyu ko uku kafin wasan farko. Haka idan garin yana kan tudu sosai ko akwai zafi, domin ƙwallon da ƙwararru ke bugawa, mai ɗigo biyu rawaya, yana ƙara tsalle da gudu, tsawon bugun da ya saba zai riƙa dawowa tsakiyar fili. Filin gilashi ma daban yake, da farin ƙwallo ake bugawa, kuma a gasar ƙwararru tsayin ƙarfen ƙasan bangon gaba, wanda dole ƙwallo ya bugi samansa, santimita 43 ne maimakon 48 na filin kulob. Kwana biyun nan ba hutu ba ne, kada ma'aji ya yanke su.

Batun zaɓi, ɗan wasa da kocinsa su kawo tsari, hukuma ta amince. A cakuɗa: wasu gasannin da zai iya kaiwa ƙarshe ya kwashi maki, wasu kuma da suka fi ƙarfinsa don ya ga inda yake. A kuma fara neman biza da wuri. Janyewa bayan an fitar da jerin wa zai kara da wa a gasar tana da hukunci, kuma jinkirin biza ba ya cikin abin da ɗan wasa ke da iko a kai.

Rafali:
Bari in kawo wata hanyar da ba a ambata ba. Maimakon a fitar da mutum ɗaya waje, a kawo gasar gida. Hukuma ta yi rajistar ƙaramar gasa da PSA, ta biya kyauta da kuɗin rajista, ta tanadi fili da alƙalai. Nan take 'yan wasan gida da yawa za su sami makinsu na farko ba tare da biza ko jirgi ba, mai masaukin baƙi kuma yana da gurbin alfarma da zai bai wa matashin da matsayinsa bai kai ba. Alƙalan gida ma sun ƙaru da gogewa.

Amma a yi hattara da girman kyautar. Idan ta yi yawa, baƙi masu matsayi za su cike gurabe, 'yan gida su tsaya kallo, an kashe kuɗi an raba wa wasu maki. Girman gasa ya bi ƙarfin 'yan wasan da ake son taimaka wa. Ƙananan guda biyu a jere sun fi babba ɗaya amfani ga masu tasowa, kuma baƙin ma sun fi son zuwa idan tikiti ɗaya zai ba su gasa biyu.

Likitan Gaɓoɓi:
Duk kun yi maganar ɗan wasa mai lafiya. Ni wanda ya ji rauni nake so a tanada wa, domin a sikwash ba a tambayar ko zai ji, sai dai yaushe. Fili mai tsawon mita 9.75 da faɗin 6.4, ana tsayawa cak ana juyawa ɗaruruwan lokuta a wasa ɗaya, nauyin duka a kan agara da gwiwa da ƙugu da tsokar bayan cinya. Ramy Ashour, wanda ya ci gasar duniya sau uku, raunuka ne suka yi ta katse shi har ya ajiye raket a 2019. Amanda Sobhy agararta ta tsinke a 2017, ta dawo ta kai sahun gaba, ɗaya ƙafar ta tsinke a ƙarshen 2023. Tsinkewar agara tana cin watanni da yawa, sau da dama kusan shekara, kafin mutum ya koma gasa.

Yanzu a duba abin da ke faruwa idan sharaɗin tallafi matsayi ne kawai. Yana kwance, makinsa na bara suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, matsayi ya sauka, hukuma ta ce bai cika sharaɗi ba ta yanke tallafi a daidai lokacin da kyauta ma ta tsaya. Abin da zai yi shi ne ya ɓoye ciwon ko ya dawo kafin ya warke. Ciwon mako shida ya koma na wata shida.

Don haka a rubuta tun farko: wanda likitan hukuma ya tabbatar da rauninsa, tallafinsa na ci gaba har tsawon da aka ƙayyade, a ce wata tara zuwa shekara, da sharaɗin yana bin tsarin jinya ana duba shi duk wata. Bayan dawowa a ba shi wasu watanni kafin a sake auna shi da jadawali.

Sai inshora. Ta matafiya da aka saba saya tare da tikiti yawanci tana cire wasan ƙwararru daga abin da take biya. A karanta wannan layin kafin a sa hannu. Ana son wadda ta ambaci gasa ƙarara, ta haɗa da hoton MRI, tiyata, da mayar da mutum gida. Idan da zan zaɓi abu ɗaya da hukuma mai ƙaramin ƙarfi za ta fara saya, wannan ne, kafin riga da jaka.

Hajiya Mai Raket:
Likita, a ƙara juna biyu a wannan sashen. Nour El Tayeb ta haihu a 2021 ta dawo ta sake shiga cikin manya. Idan takarda ba ta ce komai ba, 'yar wasa za ta ɗauka ranar da ta faɗa ranar za a sallame ta, sai ta yi shiru tana atisaye ba tare da kulawar da ta dace ba.

Barista:
Duk abin da kuka faɗa, idan bai shiga rubutacciyar yarjejeniya ba, zai dogara ne da wanda ke kan kujera. Yarjejeniyar ba sai ta yi tsawo ba, amma ta faɗi nawa ne, ranar biya, tsawon lokaci, abin da ake so daga ɗan wasa, abin da zai sa a dakatar, da yadda zai ɗaukaka ƙara.

Inda aka fi samun rikici shi ne wajibai. Hukuma tana da haƙƙin ta ce wanda take tallafa wa ya buga gasar ƙasa, ya amsa kiran tawaga, ya halarci sansanin horo. Sai dai a sa ranakun tun farkon kaka. Idan aka kira sansani bagatatan a makon da yake da gasa mai maki, an sa shi zaɓi tsakanin hukuncin PSA da fushin hukuma. Na biyu shi ne masu ɗaukar nauyi. Ɗan wasa na iya samun kamfanin raket da takalmi nasa, hukuma kuma tana da kamfanin riga. A fayyace: rigar tawaga ta hukuma ce a lokacin wakiltar ƙasa, raket da takalmi da zare kayan aikinsa ne ba a taɓa su, a gasar PSA kuma yana sa tambarin nasa masu ɗaukar nauyin. Hukumar da ta hana ɗan wasa neman nasa tana ƙara wa kanta kaya.

Wasu hukumomin na son a mayar musu da wani kaso na kyauta. Ban ƙi ba, amma sai bayan samun ɗan wasa ya wuce wani mataki da aka rubuta, kuma kuɗin ya koma asusun matasa a fili. Karɓar kaso daga kyautar ƙaramar gasa zalunci ne.

Ɗaukaka ƙara kuwa, wanda ya yanke hukunci ba zai saurari ƙarar ba. Mutum uku, aƙalla ɗaya daga wajen hukuma, a ba ɗan wasa kwanaki ƙayyadaddu ya shigar, a ba shi amsa a rubuce da dalili. Duk mai ɗa ko ɗalibi cikin masu nema ya fita daga ɗakin kafin a fara.

Rafali:
Barista, tunda ka taɓo zaɓe. Jadawali kaɗai yana ruɗi. Akwai mai kai matsayi mai kyau ta hanyar zaɓar gasanni masu rauni, akwai kuma wanda ke ƙasa da shi amma yana doke shi duk haɗuwa. A haɗa da shekaru: mai shekara 19 a matsayi na 150 da mai shekara 29 a matsayi na 120 ba abu ɗaya ba ne. A dubi inda yake bara da inda yake bana, a dubi su wa ya doke, a dubi ma'aunin SquashLevels wanda ke lissafi da ƙarfin abokin karawa da yadda makin wasan ya kasance. A buga sharuɗɗan kafin kaka ta fara. Sharaɗin da aka rubuta bayan an ga sakamako, kowa ya san don wa aka rubuta shi.

Ɗan Raket:
To yara fa? Na ga kamar duk maganar a kan manya take.

Koci Dogo:
Yara ba alawus suke buƙata ba. 'Yan ƙasa da shekara 11, 13 da 15 abin da ke gina su lokacin fili ne kyauta, koci mai kyau, abokan wasa da yawa, da tabarau na kare ido wanda dole ne a gasar matasa. Dubi Masar. Bayan gasar Al-Ahram da aka yi a gaban dala na Giza a 1996, inda Ahmed Barada ya kai wasan ƙarshe, yara suka cika kulob-kulob na Alƙahira da Iskandariyya. Yawan nan da gogayyar cikin gida ne suka haifar da su Nour El Sherbini da Ali Farag, ba albashin yara ba.

Daga 'yan ƙasa da 17 da 19 ne tafiya ke shigowa: gasar nahiya, British Junior Open da ake yi a watan Janairu, da gasar matasa ta duniya. A nan kasafin ya haɗa da babban da zai raka su, mace ga 'yan mata, da tantance takardun haihuwa tun a gida.

Amma ramin da ya fi cinye 'yan wasa yana tsakanin shekara 19 da 23. Ya fita daga matasa, tallafin matasa ya ƙare, bai kai matsayin manya ba. A nan ne mafi yawa ke ajiye raket. Idan za a ware kaso na musamman, a ware wa waɗannan, na shekara biyu ko uku, da ma'aunin ci gaba mai sassauci.

Hajiya Mai Raket:
Wasu a wannan shekarun jami'o'in Amurka suke tafiya. Farag da Sobhy duk Harvard suka yi kafin su zama cikakkun ƙwararru. A sani dai jami'o'in Ivy League, rukunin da Harvard ke ciki, ba sa ba da tallafin karatu don wasa, sai bisa buƙatar iyali, don haka sakamakon makaranta ne ke buɗe ƙofar. Hukuma kada ta ɗauki wanda ya tafi a matsayin wanda ya ɓace. Ta riƙa tuntuɓarsa, ta biya masa gasannin lokacin hutu, ta kira shi tawaga. Jami'a ta riga ta ɗauke mata koci da fili da likita na shekara huɗu.

Ma'aji:
Kayan wasa fa Koci? Nan ne hukumomi ke son kashewa saboda ana gani a hoto.

Koci Dogo:
Kada tsabar kuɗi ta tafi nan da yawa. Ƙwararre na buƙatar raket uku ko huɗu iri ɗaya, nauyi ɗaya, ɗauri ɗaya, don idan zare ya tsinke a tsakiyar wasa ya ɗauki wani hannunsa bai ji bambanci ba. Raket ɗin kamfanoni kan bayar ko su rage farashi idan an nema a dunƙule. Abin da ke cin kuɗi a ɓoye zare ne da takalmi. Raket ɗaya na cin kusan mita 9 zuwa 10 na zare, siririn da ƙwararru ke so, mai kaurin milimita 1.10 zuwa 1.20, ba ya daɗewa. Hukuma ta sayi injin ɗaura zare da manyan ƙulla-ƙulla masu mita 110 ko 200, ta koya wa mutum biyu aikin, a rubuta ɗaurin kowane ɗan wasa, yawanci tsakanin kilo 11 da 13. Takalmi kuma ƙasansa na iya nuna kamar sabo alhali cikinsa ya mutu, kuma agara da gwiwa ne ke biyan kuɗin. Wannan likita zai fi ni bayani.

Likitan Gaɓoɓi:
Haka ne, a canza shi bisa awoyin da aka yi da shi, ba bisa kamanni ba. Ƙari ɗaya: a ware ɗan kuɗi don wayar da kai kan haramtattun magunguna. A dokar WADA, hukumar yaƙi da shan haramtattun magunguna a wasanni ta duniya, ɗan wasa ne ke da alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ko da maganin mura ne ko garin ƙarin kuzari da aka gurɓata. Mai ciwon da ke buƙatar maganin da aka hana ya nemi izinin jinya tun kafin gasa. Wanda aka sa cikin jerin masu bayyana inda suke kullum don a iya gwada su ba zato, kuskure uku cikin watanni 12 laifi ne ko da bai sha komai ba. Zama ɗaya na awa biyu a shekara na iya ceton duk abin da aka kashe a kan mutum.

Barista:
Sai tushen kuɗin kansa. Gurabe a Los Angeles kaɗan ne, maza 16 mata 16, kuma sikwash ya shiga ne cikin wasannin da mai masaukin baƙi ya nema, ba a ba shi kujerar dindindin ba. Ga kuma abin da ya faru da gasar Commonwealth: sikwash na ciki tun Kuala Lumpur a 1998, amma Glasgow ta 2026 ta rage wasanni zuwa goma ba shi a ciki. Hukumar da ta jingina duk tallafinta a kan lambar gasa ɗaya tana iya wayar gari ba komai. A nemi ƙafa fiye da ɗaya: gwamnati, kamfanoni, kuɗin mambobi, da tallafin Olympic Solidarity, asusun kwamitin Olamfik na duniya, wanda ba a nema kai tsaye sai ta hannun kwamitin Olamfik na ƙasa, don haka hukuma ta shirya takardun 'yan wasanta da wuri ta kai can.

A kuma tuna ɗan wasa na iya canza tuta. Mohamed ElShorbagy, ɗan Masar da ya daɗe yana zaune a Ingila, ya koma wakiltarta a 2022, ƙanensa Marwan ya bi shi a 2023. Dokar Olamfik ta sa jiran shekara uku bayan wakilcin ƙarshe, sai dai ana iya rage shi idan ɓangarorin sun yarda. Sharaɗin mayar da kuɗi ga wanda ya sauya ƙasa ana iya rubuta shi, amma ya tsaya a kan tallafin shekara ɗaya ko biyu na ƙarshe, kuma hukumar da ta saɓa ranar biya ba ta da bakin nemansa.

Ma'aji:
Saura abu ɗaya Barista. Wanda bai cika sharaɗi ba a ƙarshen shekara, yaya ake cire shi?

Barista:
A duba shi sau biyu a shekara, ba sau ɗaya ba. A dubawar tsakiya a gaya masa a rubuce inda ya gaza da abin da ake so ya kai kafin ƙarshe. Idan bai kai ba, a ba shi sanarwar wata uku, kuɗin ya sauka a hankali, cikakke a watan farko, rabi a sauran biyun. Gasannin da aka riga aka amince ya yi rajista a biya su, don kada ya janye ya ci hukunci. Inshorarsa ta ci gaba har ƙarshen wa'adinta, jinyar da aka fara a kammala ta. A bar masa damar shiga filin atisaye na ƙasa, a kuma rubuta matsayin da idan ya kai zai dawo cikin tsarin ba sai ya jira sabuwar shekara ba. Wanda ya nuna sha'awar koyarwa ko alƙalanci, a biya masa kwas ɗin matakin farko cikin watanni ukun nan.